Haɗa Wayar Tagulla Da Ta Sanholo: Jawabi Ga Masu Gidaje Da Masu Aikin Lantarki

An shirya wannan jawabi ne domin masu gidaje, da masu shaguna, da masu injin niƙa, da kuma samarin da suka ɗauki aikin lantarki sana'a. An ɗauki Fadan Kagoma, mazaunin Kpop Gwong, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, a matsayin misali, saboda dalilin da za a bayyana nan gaba. Amma abin da ke ciki ya shafi kowane gari da kowane ƙauye na Nijeriya inda aka kafa falwaya aka ja waya zuwa gidajen mutane.

Sanin kowa ne cewa da zarar damina ta kankama a wannan yanki, sai ƙorafi ya yi yawa game da wutar lantarki. Wani ya ce ƙwan ɗakinsa yana lumshewa yana buɗewa kamar mai jin barci. Wani ya ce da dare yakan hangi tartsatsi a kan falwayar ƙofar gidansa. Wani kuwa firijinsa ne ya ƙone, alhali ba a yi tsawa ba. Yawancin mutane sukan ɗora laifin a kan masu ba da wuta, ko a kan taransifoma, ko a kan iska. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa asalin ɓarnar tana wani ɗan wuri ne da bai fi tsawon yatsa ba, watau inda aka murɗe wayar tagulla da wayar sanholo wuri ɗaya, aka bar su a fili ruwa yana dukansu.

Me ya kawo ƙarafa biyu cikin aiki ɗaya?

Tagulla, wadda waɗansu ke kira jan ƙarfe, ita ce aka saba yin wayarin ɗakuna da ita, domin in ban da azurfa babu ƙarfen da ya fi ta saurin ɗaukar lantarki. Aibinta biyu ne, nauyi da tsada. Sanholo kuwa, watau farin ƙarfen nan da ake ƙera tukwane da cokula da shi, wanda ake kuma kira gorar ruwa ko alminiyam, ƙarfinsa na ɗaukar lantarki bai wuce kashi 61 cikin 100 na tagulla ba, amma nauyinsa bai kai sulusin nata ba. Saboda haka ko da an ƙara wa wayar sanholo kauri domin ta ɗauki wutar da ta tagulla za ta ɗauka, nauyinta yakan tsaya wajen rabi ne kawai. Wannan shi ya sa kusan duk wayoyin da ke rataye bisa falwayoyi na sanholo ne. Haka aka yi aikin a zamanin NEPA, wadda aka kafa cikin 1972 bayan an haɗe ECN da hukumar madatsun ruwa ta kogin Kwara, haka kuma aka ci gaba bayan an miƙa rarraba wuta ga kamfanoni cikin 2013.

To, tun da wayar titi ta sanholo ce, ta cikin gida kuwa ta tagulla, tilas ne su gamu a wani wuri, ko a kan falwaya, ko a bakin fis, ko a gindin mita. Gamuwar ba laifi ba ce. Yadda ake gama su ne abin dubawa.

Batirin da ba wanda ya saya

Duk wanda ya taɓa fasa tsohon batirin tocila ya ga abin da ke cikinsa: akwai baƙin sanda a tsakiya, akwai wani jiƙaƙƙen haɗi kewaye da shi, sa'an nan ga gwangwani na tutiya ya rufe su. In batirin ya tsufa, sandan nan yana nan yadda yake, amma gwangwanin ya cinye, ya huje, har ruwa yana tsiyayowa ya ɓata tocila. Watau batir yana ba da wuta ne ta hanyar cin ɗaya daga cikin abubuwa biyun da aka gama a cikinsa.

Wani masani mutumin Italiya, Alessandro Volta, shi ne ya fara nuna wannan a fili cikin 1800, sa'ad da ya jera faya-fayan tagulla da na tutiya, ya sa ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, ya sami lantarki. Malamin makaranta yana iya nuna wa yara irin wannan ba tare da kashe kuɗi ba. In ya soka guntuwar wayar tagulla da ƙusa mai rufin tutiya a jikin lemun tsami ɗaya, ya auna tsakaninsu, zai sami kusan bolt ɗaya.

Abubuwa uku ke nan suke yin batir: ƙarfe iri biyu, da hanyar da lantarki zai bi tsakaninsu, da ruwa mai ɗan gishiri ko tsami. Wanda ya murɗe tagulla da sanholo a kan falwaya ya riga ya samar da biyu. Na ukun sama ce za ta kawo shi. Daga ranar da ruwa ya shiga tsakanin wayoyin nan, mahaɗin ya zama ɗan ƙaramin batir wanda ke aiki dare da rana, abin da yake ci kuwa shi ne sanholon.

Masana sun jera ƙarafa bisa ga yadda suke cin juna. Daga wajen masu saurin lalacewa akwai tutiya, sai sanholo, sai baƙin ƙarfe, sai dalma da kuza, sai tagulla, sa'an nan azurfa da zinariya a can ƙarshe. In an gama biyu a cikin danshi, na farko a jerin shi ne ke ciwuwa, na bayan ya tsira. Gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a jerin, gwargwadon saurin ɓarnar. Sanholo da tagulla kuwa sun yi nisa da juna ƙwarai. Kwanon rufin ɗaki ma bisa wannan ƙa'ida aka yi shi: baƙin ƙarfe ne aka shafe da tutiya, domin tutiyar ta riƙa ciwuwa a madadinsa, sai ranar da ta ƙare tsatsa ke bayyana.

Ba yau aka fara yin wannan kuskure ba, ba kuma ƙananan ma'aikata kaɗai ke yinsa ba. Cikin 1761 rundunar jiragen ruwa ta Ingila ta lulluɓe cikin wani jirginta mai suna Alarm da fallayen tagulla, aka kafe su da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Da aka duba shi cikin 1763, sai aka tarar ƙusoshi da yawa sun cinye, fallayen suna ɓallewa. Abin mamaki, waɗanda suka tsira su ne waɗanda takardar ƙunshi ta maƙale tsakaninsu da tagullar, ta hana su taɓa juna. Haka nan babban mutum-mutumin 'yanci da ke bakin tekun New York, wanda aka ƙaddamar cikin 1886, fatarsa ta tagulla ce, haƙarƙarinsa na baƙin ƙarfe. Abin da aka sa ya raba su ya lalace da daɗewa, ƙarfen ya ci tsatsa ya kumbura, har sai da aka sake haƙarƙarin tsakanin 1984 da 1986.

Dalilin ɗaukar Fadan Kagoma misali

Kudancin Jihar Kaduna ƙasa ce mai albarkar ruwa. Damina takan fara tun wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, ruwan da ake samu a shekara a kewayen Kafanchan kuwa yakan kai wajen milimita 1,500, abin da ya ɗara na Kano nesa ba kusa ba. Wannan ruwa shi ne ya sa citta ta karɓi ƙasar Kagoma da Kwoi da Kachiya. Shi ne kuma ya sa mahaɗin waya a nan yakan shafe rabin shekara bai bushe sarai ba, domin ko ranar da ba a yi ruwa ba akwai raɓa da hazo da safe.

Ruwan sama shi kaɗai ba shi da gishiri mai yawa. Amma kafin ya zo, hunturu ya riga ya cusa ƙura cikin kowane saƙo na wayar, hayaƙin ƙunar daji ya bar toka, tsuntsaye sun yi kashi a kai. Ruwan farko yana sauka sai ya narkar da waɗannan duka, ya zama irin ruwan da batir ke bukata. Don haka ne mahaɗin da ya yi rani lafiya lau yakan fara ba da wahala bayan ruwa biyu ko uku. Mutanen Legas da Fatakwal da sauran garuruwan bakin teku abin ya fi tsananta gare su, saboda iskarsu da kanta tana ɗauke da gishiri. Na Sakkwato da Katsina ɓarnar takan yi jinkiri, amma ba ta fasawa.

Yadda ɓarnar ke tafiya

Ban da cin da tagulla ke yi masa, sanholo yana da waɗansu halaye uku da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Na farko, da zarar an feƙe shi iska ta taɓa shi, nan take yakan yi wata 'yar fata siririya wadda ido ba ya gani, fatar nan kuwa ba ta barin lantarki ya wuce sosai. Na biyu, in ya ji zafi yakan buɗe fiye da tagulla da wajen sulusi, in ya huce ya koma. Na uku, ƙarfe ne mai taushi: in an matse shi da noti, a hankali yakan lotsa ya gudu daga ƙarƙashin matsin, noti ya saki ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

In an gama waɗannan, ga abin da ke faruwa. Farin gari kamar toka ya taru tsakanin wayoyin, hanyar wuta ta ƙuntata. Wuta kuwa in ta sami ƙunci sai ta haifi zafi. Zafin ya buɗa sanholon, sanyin dare ya tsuke shi, mahaɗin ya ƙara saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya ƙara kutsawa, garin ya ƙaru, zafin ya ƙaru. Ga ɗan lissafi domin a gane girman abin. Mahaɗin da ya lalace har turjiyarsa ta kai kashi ɗaya cikin goma na om, in wuta mai ƙarfin amfiya 30 tana bi ta cikinsa, zafin da zai fitar wat 90 ne. Watau kusan zafin tsohon ƙwan nan mai wat 100, wanda ba a iya riƙe shi da hannu, amma a tattare a wurin da bai fi kan yatsa ba, kuma sau da yawa a jikin katakon rufi ko kusa da silin. Gidan da aka tara buhunan busasshiyar citta ko masara a ɗakin da ke bayan mita, amfanin shekara guda ne aka jingina da wannan wuri. Fis kuwa ba zai tsinke ba, domin wutar da ke wucewa ba ta zarce ƙima ba. Wannan shi ne mugun abin da ke cikin lamarin.

Amurka ta ɗanɗana wannan. Tsakanin 1965 da 1973, sa'ad da tagulla ta yi tsada, an yi wa gidaje masu yawa wayarin da sanholo, aka ɗaura shi a kan makunnai da soket da aka yi domin tagulla. Daga baya hukumar kiyaye lafiyar masu sayen kaya ta ƙasar ta ba da sanarwa cewa gidajen da aka yi wa irin wannan aiki kafin 1972 sun fi masu tagulla haɗarin samun mahaɗi mai zafin da zai iya ta da gobara har ninki 55. A cikin ɗaki ke nan, inda ruwa ba ya zuwa.

Akwai wata ɓarna kuma wadda ta fi shafar unguwa gaba ɗaya. Layin da ke fitowa daga taransifoma yana da wayoyi huɗu, uku masu wuta, ɗaya kuwa ta komawa, wadda ma'aikata ke kira nutural. Tsakanin mai wuta da ta komawa akwai bolt 230 zuwa 240, abin da kayan gida ke bukata ke nan. Tsakanin masu wuta biyu kuwa akwai wajen 400. In mahaɗin wayar komawa ya cinye ya rabu, sai rabon wutar ya rikice, waɗansu gidaje ta yi ƙasa, waɗansu ta haura nesa da abin da kayansu za su iya ɗauka. Alamarsa ita ce a ga ƙwan wani gida ya yi haske fiye da kima, na maƙwabcinsa kuwa ya dushe. Wanda ya ga haka ya kashe babban makunnin gidansa nan da nan, ya kai rahoto.

Abin da ya wajaba ga ma'aikaci

Maganin duka yana cikin abubuwa ukun nan da aka ambata. In an raba ƙarafan biyu, ko an hana ruwa isa gare su, batirin ya mutu. Ma'aikacin kirki yakan yi duka biyu.

Kada a murɗe tagulla da sanholo kai tsaye, ko da za a naɗe su da tef. Akwai maƙalai da kawunan waya da aka ƙera musamman domin wannan aiki, rabi sanholo rabi tagulla, an narka su sun zama ɗaya tun daga masana'anta yadda ruwa ba shi da wurin shiga tsakaninsu. Kowace waya sai ta shiga ɓangaren irinta. Akwai kuma waɗanda aka shafe da kuza, ƙarfen nan da aka daɗe ana haƙa a ƙasar Jos. Amfanin kuza shi ne tana tsakiyar jerin, saboda haka tana rage nisan da ke tsakanin maƙiyan biyu. Lalle ne mai saye ya duba ko an rubuta a jikin abin cewa ya dace da ƙarafan biyu, domin kasuwa cike take da masu kama da su waɗanda fenti ne kawai. Araha ba ta ado.

Kafin a ɗaura, a goge bakin wayar sanholo da burushin ƙarfe har ya yi ƙyalli, a shafa masa man mahaɗi nan take, kafin fatar nan ta komo. Man nan wani irin giris ne da aka yi domin lantarki, galibi da ɗan garin tutiya a ciki, yana korar ruwa da iska, yana kuma taimakon wuta ta ratsa. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa. Burushin da aka goge tagulla da shi kada a kai shi kan sanholo, domin ɓurɓushin tagullar da zai bari kowane ɗaya ɗan batir ne. Wajen feƙe roba kuma a yi hankali kada wuƙa ta yi wa wayar tsaga, gama sanholo daga nan yake karyewa.

In mahaɗin a tsaye yake, sanholo ya kasance a sama, tagulla a ƙasa. Dalili kuwa, ruwan da ya wanke tagulla yakan ɗauko ɗan koren tsatsarta, in ya zuba a kan sanholo sai ya huda shi. Wannan ƙa'ida ba ta cin ko kwabo, amma ita aka fi mantawa. Saboda wannan dalili ne kuma ba a shimfiɗa tsirarar wayar tagulla a kan kwanon rufi.

A ɗaure noti daidai gwargwadon yadda maƙerin abin ya ƙayyade. Sakaci yana kawo tartsatsi, matsi fiye da kima kuma yana lotsa wayar. Bayan an gama a rufe mahaɗin da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, ko da bututun roba mai tsukewa in ya ji zafi, sa'an nan a bi da baƙin tef mai jure rana. Tef na ɗaki shi kaɗai rana takan busar da shi cikin 'yan watanni, ya buɗe baki, ya koma maɓoyar ruwa, har gara ma babu shi. Inda waya za ta shiga bango ko akwatin mita, a bar mata ɗan lanƙwasa ta yi ƙasa kafin ta hau, domin ruwan da ke bin jikinta ya ɗiga a nan. Akwatin kuma wayoyi su shiga ta ƙasansa, a bar 'yar ƙofar da gumi zai fita.

Masu faifan hasken rana, waɗanda yanzu suka yawaita a asibitoci da makarantu da wuraren ibada da rijiyoyin burtsatse, abin ya shafe su kai tsaye. Firam ɗin faifan na sanholo ne, wayar ƙasa da ake ɗaura masa kuwa ta tagulla ce. Wajibi ne a sa maƙali mai rufin kuza da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa a tsakaninsu. A tuna kuma faifan yana ba da wuta muddin rana tana dukansa, ko da an kashe komai a ɗaki.

Sai batun wayar ƙasa. Al'ada ce a wurare da yawa a zuba gishiri da gawayi a ramin da aka kafa sandar ƙasa. Gaskiya ne gishiri yana sa ƙasa ta karɓi wuta da sauri, amma yana kuma gaggauta cin sandar da maƙalinta, damina biyu ko uku kuwa ta wanke shi. Inda aka yi haka, a bar mahaɗin a sama cikin ɗan akwati inda za a iya buɗewa a duba. Sanholo kuwa ba a binne shi tsirara a ƙasa ko cikin siminti ko kaɗan.

Abin da ya rage ga mai gida

Ba a neman mai gida ya gyara kome da hannunsa. Falwaya da duk abin da ke kanta, har zuwa mita, aikin kamfanin rarraba wuta ne, a Jihar Kaduna kuwa shi ne Kaduna Electric. Hawa falwaya ba tare da izni ba laifi ne, kuma hanya ce ta rasa rai. Aikin cikin gida kuwa a ba wanda yake da takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa, ita ce kuma ke duba ingancin aikin lantarki a ƙasa. Mai gida yana da iko ya nemi ganin takardar kafin a fara aiki, ya kuma tambaya da me za a gama tagulla da sanholo. Ma'aikacin da ya ce murɗewa ta isa, ya ba da amsar da za a sallame shi da ita.

Abin da ake so ga mai gida shi ne ido da hanci da kunne. Sau biyu a shekara, cikin Maris kafin ruwa ya sauka da kuma cikin Nuwamba bayan ya ɗauke, ya tsaya daga ƙasa ya dubi inda waya ta shigo gidansa. Farin gari a kan sanholo, ko kore a kan tagulla, ko tef da ya kumbura ya narke, ko baƙin tabo a jikin allon mita, ko warin ƙonanniyar roba, ko wata 'yar ƙara kamar ana suya, ko rediyo mai ƙarar shi-shi-shi duk sa'ad da iska ta kaɗa waya, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin kashe babban makunni a kira ma'aikaci. Mai injin niƙa da mai walda su riƙa dubawa fiye da haka, domin wutar da suke ja ta fi ta gida yawa, zafin mahaɗi kuwa in wuta ta ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa.

In har wuta ta kama a wurin mita, kada a watsa ruwa. A kashe makunni in ana iya isa gare shi lafiya, a fitar da mutane, a yi amfani da busasshen yashi ko tukunyar kashe gobara mai gari, a kuma aika a sanar da ofishin lantarki mafi kusa domin a yanke layin daga waje.